Baba Waiga da Mai Ƙwai

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana koya wa mutane tuƙin mota. Duk tsawon shekarun nan wurin zamansa ɗaya ne, kujerar gaba ta gefen direba, wadda mutane ke kira kujerar mai zaman banza. Yakan ce duk duniya babu wanda aka yi wa ƙazafi irinsa, domin a kujerar nan ya yi furfura, a cikinta ya ciyar da mu mu biyar, amma har gobe sunanta na zaman banza.

Motarsa ƙarama ce fara, da jan allo gaba da baya mai nuna cewa ɗan koyo ne a ciki. Abin da ya bambanta ta da sauran motoci yana ƙasa, wajen ƙafarsa. Birki ne na biyu, wanda wani bakanike ya haɗa masa da sandar ƙarfe zuwa birkin direba. In ɗan koyo ya rikice ya taka totur a maimakon birki, Baba ne ke tsayar da motar. Ƙafarsa ta dama ta saba da aikin har ta daina jiran izininsa. Ko a falo yake zaune, in wani ya rugo da gudu zai yi karo da ƙofa, sai ka ga ƙafar ta danna ƙasa. Mama ta sha cewa dardumar gaban kujerarsa a wuri ɗaya take cinyewa.

Ofishinsa ɗan shago ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai faci da mai gyaran agogo. Benci ɗaya, tebur ɗaya, sai allon alamomin hanya da rana ta koɗar. A kan teburin ya zana tituna da farin fenti, da shataletale da mararraba, ya ajiye motocin wasan yara guda huɗu da yake turawa da yatsa in yana bayani.

A shekarunsa na farko mutum ne mai barkwanci, kuma abin alfaharinsa shi ne sauri. “Ka ba ni mako biyu,” in ji shi, “ko tunkiya ce sai na mayar da ita direba.” Mutane suna son haka. Kowa na son a ce masa abin da yake tsoro ba wani abu ba ne. Benci ba ya rabuwa da masu jiran layi.

Ina da shekara goma sha tara, ni ce auta a gidan, lokacin da wani akawu ya zo koyo. Mutum ne natsattse mai tabarau, ya kusa arba'in. An ƙara masa girma a wurin aiki, an ba shi mota, an ce kafin ƙarshen wata ya kawo lasisi. Kansa yana ja. Cikin kwana goma ya iya giya, ya iya ribas, ya iya tashi a kan tudu ba tare da motar ta zame baya ba. Aibinsa ɗaya ne. In zai karya kwana yakan kalli madubi, amma ba ya juya wuyansa.

Wanda bai taɓa tuƙi ba zai ce to mene ne a ciki. Abin da ke ciki shi ne madubi ba ya nuna komai da komai. Akwai wani gurbi a gefen kowace mota, daidai ƙofar baya, inda mutum da kekensa za su shiga su ɓace ɗungurungum. Sai direba ya waiga da kansa zai gan su.

Baba ya gaya wa akawun sau ɗaya, ya gaya masa sau biyu. A na uku akawun ya ce, “To Malam, zan kiyaye,” yana duba agogon hannunsa. Akwai mutum shida a benci suna jira. Baba ya jawo takardar da ke shaida cewa ɗalibi ya isa zuwa gwaji, ya sa mata hannu.

Bayan wata huɗu, ranar wata Talata da hantsi, Baba yana tafe da wata ɗaliba sai suka tarar da cunkoso a mararrabar da ke gaban gidan burodi. Ya ce ta kashe mota, ya fita ya duba. Ƙwai ya fara gani. Ƙwai ko'ina a kan kwalta, gwaiduwa tana gangarawa cikin kwata, kiret-kiret na kwali a warwatse. Sannan ya ga keke a ƙarƙashin tayar baya ta wata sabuwar mota, ya lanƙwashe kamar an murɗe waya. A gefe mutum yana kwance, jama'a sun yi masa zobe, kowa na cewa a yi wani abu, ba wanda ya yi. Direban motar yana tsaye riƙe da tabarau a hannu. Da ya ga Baba sai ya nufo shi kamar yaron da ya hango ubansa.

“Malam, na duba madubi,” ya ce. “Wallahi na duba. Ban gan shi ba.”

Baba ya ce ɗalibar ta sauka ta nemi hanyar gida. Aka kama mai ƙwan aka sa shi a kujerar baya ta motar Baba, akawun ya shiga ya ɗora kansa a cinyarsa, Baba ya karɓi sitiyari. Tafiyar minti goma sha biyu ce zuwa asibiti. Kafin su kai ƙofa rai ya yi halinsa.

Na tuna dawowarsa gida. Rigarsa ta bushe da jini da gwaiduwa, ta yi tauri kamar an sa mata sitaci. Bai shiga ɗaki ba. Ya ɗebi ruwa a bokiti ya hau wanke kujerar baya, ya wanke, ya sake wankewa, har rana ta karkata. Mama ta kai masa abinci ta dawo da shi yadda ta kai. Daga ranar ƙwai bai ƙara shiga bakinsa ba, kuma Mama ba ta ƙara soya shi yana gida ba.

Aka yi abin da ake yi. 'Yan sanda suka auna titi, aka je kotu, aka karɓe lasisin akawun. Dangin mamacin suka ce ƙarar kwana ce, sun yafe. Daga baya akawun ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. A duk wannan kai-komo babu wanda ya tambayi wa ya koya masa mota. Ba ɗan sanda ba, ba alƙali ba, ba dangi ba. Baba ya je gaisuwa gidan mamacin, ya zauna a ƙarshen benci cikin baƙi, ya yi addu'a, ya tashi, bai faɗa wa kowa ko shi wane ne ba.

Mako biyu shagon yana rufe. Ranar da ya buɗe, ya zo yana tura wani tsohon keke da ya saya a wurin masu gwanjo. Mai faci ya ce, “Malam, an sauya sana'a ne?” Baba ya ce, “An ƙara aji ne.”

Daga nan koyarwarsa ta canza. Ranar farko ɗalibi ba ya taɓa mota. Baba zai kai shi babban titi, su tsaya a bakin hanya, ya ce ya tsallaka ya dawo, sau shida, a ƙafa. Yana so ya ji yadda iskar babbar mota ke jan rigar mutum, ya ga yadda direbobi ke kallon mai tafiya a ƙasa kamar ba su gan shi ba. Rana ta biyu ɗalibi zai hau keke, Baba ya bi gefensa da mota a hankali, ya matso, ya ƙara matsowa, har ɗalibin ya fara kauce wa motar. Sai ya tsaya ya ce, “Ka ji yadda ake ji?” Wanda bai iya keke ba, sai ya tura keken da hannu a gefen titi.

Rana ta uku ce kowa ke ba da labarinta. Ɗalibi zai zauna a kujerar direba, mota a kashe, ya daidaita madubai yadda yake so. Baba zai ja keken ya zagaya, ya tsaya daidai ƙofar baya.

“Kana ganina?”

“A'a, Malam.”

“Duba ɗaya madubin. Kana ganina?”

“Ba na ganinka.”

“To ina nan. Da ni da keke da 'ya'ya biyar. Waiga.”

Ɗalibi ya waiga, ya gan shi dab da shi, kusa da har zai iya miƙa hannu ya taɓa. Wasu dariya suke yi. Wasu jikinsu ke yin sanyi. Kalmar nan ta bi shi har ta zama sunansa. Waiga kafin ka karya kwana, waiga kafin ka buɗe ƙofa, waiga kafin ka bar gefen titi. Duk unguwar aka koma kiransa Baba Waiga, har 'yan gidanmu aka koma ce mana 'ya'yan Waiga.

Ba kowa ya ji daɗin sabon tsarin ba. Wata babbar 'yar kasuwa ta kalli keken ta kalli Baba, ta ce, “Malam, ni mota na saya. Da keke nake so, da na tambayi jikana.” Baba ya ce, “Ranki ya daɗe, jikan naki nake so ki gani in yana gefenki.” Ta ɗauki jakarta ta koma wata makarantar, inda aka gama da ita cikin kwana goma. Irinta suna da yawa. Mako biyu ya koma wata biyu, wani lokaci uku. Benci ya fara yin ƙura. Yayana babba ya ce masa, “Baba, ai ba kai kaɗai ke koyarwa a garin nan ba. Wanda ka ƙi, wani zai karɓa.” Baba ya ce ya sani. Ya ce wanda wani ya karɓa, sa hannun wani ne a takardarsa.

Mama ta so ya sayar da motar. Ya ƙi. Ya canza rigar kujerar baya, ya canza soson ciki, amma motar tana nan. Abin da na lura da shi shi ne ya daina ɗaukar kowa a baya. A da yakan ɗauki ɗalibai biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana kallo. Ya daina. Ko mu, in za mu je unguwa, ɗaya zai zauna a gaba, sauran su hau motar haya. In aka tambaye shi sai ya ce ƙofar baya tana da matsala. Ƙofar lafiyarta ƙalau.

Ina da shekara ashirin da bakwai na samu aiki a wani ɗakin gwajin jini da ke nesa da gida, na ce Baba ya koya mini mota. Na ɗauka zan samu rangwame. Tsallaka titi sau shida ya zama sau goma. Wata biyar ina zagaye gari da jan allo, ƙawayena suna yi mini tsiya wai na fi motar tsufa a makarantar. Kullum na kawo maganar takarda sai ya ce da saura.

Wata rana da azahar muka tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, ya ce in sake yin kwanar da na yi daidai har sau huɗu. Raina ya ɓaci. Na kashe mota na ce, “Baba, ba fa kai ka kashe mutumin nan ba.”

Ba mu taɓa yin maganar da shi ba. A gidanmu kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce, “Auta, kin ga madubin nan na tsakiya?”

Na ce na gani.

“Wani lokaci in na ɗaga ido sai in gan shi. Ba kullum ba. Sai in yi wata uku ban gan shi ba, har in ce ya tafi. Sai wata rana da tsakar rana, ɗalibi yana ta surutu, in duba in gan shi zaune a baya.”

Ban yarda na kalli madubin ba. Na ce, “Me yake yi?”

“Ba komai. Ba jini a jikinsa, ba ya fushi. Taga yake kallo, kamar fasinjan da ke jiran a kai shi inda zai sauka. Na san ba ya nan. Na yi addu'a, na je wajen likita, ya ba ni ƙwayoyi. Na san idona ne da zuciyata. Amma da zai juyo ya zage ni, da na fi samun sauƙi.”

Na ce, “Akawun ne bai waiga ba.”

“Shi bai san bai iya ba. Ni na sani.”

Ya gyara zama ya ce in tayar da mota. Na tayar, na sa sigina, na juya wuyana har ya yi ƙara. Bayan mako uku ya sa mini hannu. Ya daɗe riƙe da alƙalamin kafin ya sa.

Shekaru suka ja. Gari ya cika, titunan da ya koyar da mutane a kansu suka zama biyu-biyu, babura suka yi yawa kamar fari. Direbobi suka koma tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Baba ya ƙara wata doka, duk ɗalibin da ya shiga motarsa sai ya sa wayarsa a but ɗin motar. Masu keke ma bai bar su ba. In ya ga mai keke yana tafe dab da babbar mota sai ya sauke gilashi ya ce, “Ɗan'uwa, in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka.” Wasu su gode, wasu su ce tsoho ya ji da kansa.

Wata ranar hutu muna zaune a tsakar gida, Yaya ya kawo masa waya ya nuna masa wata mota tana tafiya a wata ƙasa ba kowa a kujerar direba. Sitiyari yana juya kansa. Yaya yana dariya ya ce, “Baba, sana'arku ta zo ƙarshe. Nan gaba kowa mai zaman banza ne.”

Baba ya kawo wayar kusa da fuskarsa ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake sa masa. Sannan ya ce, “Tana ganin mai keke?”

“An ce tana gani ta ko'ina, gaba da baya da gefe. Ba ta gajiya, ba ta amsa waya.”

“To Allah ya kawo ta,” in ji Baba. “Ni ba na kishi da ita. Yaushe za ta iso titinmu?”

Yaya ya ce wannan kuma sai a hankali, ƙila shekara ashirin, ƙila fiye.

Baba ya miƙa masa wayar. Ya ce, “Kafin nan mutane ne za su yi ta tuƙi. Kuma duk wanda zai mutu a titi kafin ta iso, yanzu haka yana nan da ransa, yana cin abinci.” Ba wanda ya yi dariya. Can ya ƙara da cewa, “In ita ta buge mutum, wa zai je gaisuwa?” Yaya ya ce bai sani ba. Mama ta ce a bar maganar, abinci yana hucewa.

Yadda ya kawo wayar dab da ido ya tsaya mini a rai. Bayan 'yan watanni abin ya fito fili. Yana tare da wata ɗaliba, malamar makaranta, suna tafe a hankali wajen wata kasuwa, sai ta taka birki da ƙarfi. Baba ya buɗe baki zai yi mata faɗa, sai ya ga wata mata da goyo tana wucewa ta gaban motar. Bai gan ta ba sai da ta zo tsakiya. Ƙafar da ba ta taɓa makara ba ko motsi ba ta yi ba. Ya ce wa malamar ta gyara fakin, ya yaba mata, ya ce ta kai motar shago ta ba mai faci makulli. Shi kuwa ya taka da ƙafa har gida. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma jijiyarsa ta fara mutuwa. Aka yi aiki, aka samu abin da aka samu, amma bai sake zama a kujerar nan ba. Da bakinsa ya ce a sayar da motar.

Na ɗauka rabuwa da motar zai raba shi da fasinjansa. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce, “Yanzu ba ya buƙatar madubi.” Ban ƙara tambaya ba.

Shekara huɗu ya yi yana tafiya a ƙasa da sanda. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwa tsallaka titi sai ga shi yana tsayawa a bakin hanya minti ashirin, yana sauraron motoci da kunne, har wani ya zo ya kama hannunsa. Sau da yawa tsofaffin ɗalibansa ne ke tsayawa. Wani direban bas ya taɓa tare hanya gaba ɗaya da motarsa, ya sauko ya tsallakar da shi, fasinjoji suna ta mita. Baba ya gode masa, sannan ya yi masa faɗa don bai kunna fitilar gargaɗi ba.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. A mako na biyu a asibiti, da safe, bayan Mama ta tafi gida ta huta, ya ce in matso. Ya ce, “Mai ƙwan nan yana da mata. Na gan ta daga nesa ranar gaisuwa. Ki nemo mini ita in tana raye. Ki gaya mata ko ni wane ne, kada ki rage komai.”

Shekara ashirin da uku ke nan da abin. Na fara daga gidan burodi, wani tsohon ma'aikaci ya tura ni wata unguwa, daga can aka tura ni wata. Kwana uku ina yawo. Na same ta a ɗan kanti a ƙofar gidanta, tsohuwa siririya mai kaifin ido, tana sayar da sabulu da ashana da gishiri. Na gaishe ta na ce, “Inna, wajenki na zo, amma maganar mai nauyi ce.” Ta jawo mini kujera.

Na faɗa mata komai, har da sa hannun. Tana saurare tana jera ashana a kan tebur. Da na gama ta ce, “Ikon Allah. Ni ban taɓa sanin akwai shi ba.” Can ta ce, “Ni mai tabaran na riƙe a zuciyata. Na ce na yafe don surukaina sun ce a ce haka. Shekara goma ina ganinsa a mafarki.” Sannan ta tambaye ni, “Kin ce mahaifinki ne ya tuƙa shi zuwa asibiti?”

Na ce shi ne.

“To yana da abin da nake nema. Bari in rufe kanti.”

Ta ƙi shiga motata. Ta ce tun ranar ba ta ƙara shiga ƙaramar mota ba. Na bar tawa a ƙofar gidanta muka hau bas.

Da muka shiga ɗakin, Baba ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ta ce ya kwanta. Ta zauna a kujerar da ke gefen gadon. Ya fara magana, yana cewa shi ne ya ga aibin ya bari. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

“Malam, 'yarka ta faɗa mini. Wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne, ni ban san yadda ake auna shi ba. Abin da ya kawo ni daban ne. Mijina ya fita da safe bai karya ba, ya ce in ajiye masa shayinsa zai dawo. Ban sake jin muryarsa ba. Ya yi magana a motar?”

Baba ya ce ya yi.

“Me ya ce?”

Ni ma ban taɓa jin wannan ba. Ko Mama ba ta sani ba. Baba ya rufe ido ya ce, “Ina gudu. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Na ƙetare jar danja, ina ta danna hon, mutane suna darewa. Sai na ji shi daga baya, a hankali. Ya ce, ‘Direba, sassauta. Akwai mutane a hanya.’”

Tsohuwar ta sa bakin mayafinta ta toshe baki. Na ɗauka kuka take yi, ashe har da dariya a ciki. Ta ce, “Shi ne. Wallahi shi ne. Mutumin da ko kaza ya gani a hanya sai ya sauka daga keke.” Ta share ido ta ce, “Ka sassauta?”

“Na sassauta,” in ji Baba. “Shi ne abin da ban sani ba har yau. Ko da ban sassauta ba, da mun kai.”

Ba ta ce da sun kai ba, ba ta ce da ba su kai ba. Ta tambaye shi ko mijinta ya sha wahala, Baba ya ce ya sha, amma ba da daɗewa ba. Ta gyaɗa kai. Ta ba shi labarin 'ya'yansu uku, babbar tana aikin jinya, na tsakiya kafinta ne, ƙaramin da aka bari a ciki bai taɓa ganin ubansa ba, kuma shi ne ya ɗebo kamanninsa. Baba yana ji, hawaye yana bin gefen kunnensa zuwa matashi. Da za ta tafi ta ce, “Allah ya ba ka lafiya, Malam.” Ya ce amin. Kalmar yafiya ba ta fito daga bakin kowa ba.

Bayan kwana tara Baba ya rasu, da rana, Mama tana riƙe da hannunsa. Ban san ko zuwan tsohuwar ya sauke masa nauyin ba. A kwanakin nan ya ɗan ci abinci, ya yi wa ma'aikatan jinya barkwanci irin na da. Amma sau biyu na shigo na tarar ya juya kansa yana kallon kusurwar ɗakin da ba kowa, kallon mutumin da ya san wanda ke wurin.

Ranar da tsohuwar ta zo ɗin, ni na raka ta tashar bas. Tashar tana ɗaya gefen babban titin da ke gaban asibitin, titi mai layi shida, fentin wurin tsallakawa ya goge sai alama. Ta kama hannuna, tafin hannunta busasshe mai ƙarfi. Muka tsaya. Motoci suna ta wucewa, wasu direbobin suna kallonmu, yawancinsu ba sa kallo. Na ga 'yar tazara na ce, “Inna, mu je.” Ta riƙe ni ta ce, “Bari dai wannan ta wuce, 'yata.” Ta wuce, wata ta biyo ta. Bas ɗinta ya zo can gefen, ya sauke mutane, ya ɗebi wasu, ya tafi muna kallo. Ta ce ba komai, wani zai zo.